Tambaya da Amsa: Namu yana bakin daga, mu muna Saudiyya, ta ina saƙo zai kai hannunsa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon tambayoyin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, masu 'yan uwa a aikin soja ne suke neman yadda za su aika musu ɗan abin hannu daga nan. Na cire sunaye da lambar bataliya da sunan garin da aka ajiye kowane soja, kuma da gangan na cire, dan Allah masu rubuto min nan gaba ku daina sakawa ma tun farko.

Tambaya daga wata 'yar uwa a Karantina, Jidda: Anti barka da aiki. Ni aikatau nake a gidan larabawa na daɗe a nan, ƙanena da na goya da bayana soja ne an kai shi Borno tun bara, in ya samu netwok ya kira sai yace lafiya lau amma ni nasan halinsa baya faɗin damuwa. Inaso in haɗa masa kwali guda, dabino da zamzam galan ɗaya da turare da zuma da bargo mai kauri da shinkafa basmati ko kilo goma, wasu sunce in kai gidan waya ko DHL wasu sunce kargon 'yan Kano yafi, dan Allah wanne ne zai kai hannunsa?

Amsa: Ƙanwata Allah ya dawo miki da shi lafiya, ya saka miki da alheri da wannan zuciyar. Gaskiyar magana babu kamfanin da zai ɗauki kwali daga Jidda ya dire shi a gaban soja a sansanin daji, ko SPL wato gidan wayar Saudiyya ne ko DHL ko kargo, su inda suke kaiwa shi ne inda akwai titi da lambar gida da wayar da in an kira za ta shiga. Rundunar da ke yaƙi a arewa maso gabas, wadda da ake ce mata Lafiya Dole, tun Afrilun 2021 aka mayar da ita Haɗin Kai, hedikwatarta tana barikin Maimalari a Maiduguri amma yawancin yaran ba a cikin gari suke ba, suna can irin su Monguno da Dikwa da Damboa da Gwoza da Malam Fatori, wasu hanyoyin ma ba a binsu sai da rakiyar soja. Kinga kenan tafiyar kwalinki zango uku ce, Jidda zuwa Kano, Kano zuwa Maiduguri a mota kusan kilomita 600 ta Potiskum da Damaturu, sannan Maiduguri zuwa inda yake, kuma wannan zangon na ƙarshe ba ke za ki shirya shi ba, shi kaɗai ya san wane abokin aikinsa ne ya je gida da fas, wato izinin ɗan hutu, zai dawo, ko yaushe motar da ke kai musu abinci za ta tashi, ko ma ogansu yana barin a shigo da kaya ko baya bari.

To kafin ki sayi ko ƙwayar dabino ɗaya, in ya kira kar ki tambaye shi me kake so don ba komai zai ce miki, ki ce masa wa zan ba wa saƙo a Maiduguri, ba ni suna da lamba. In ya ba ki mutum to hanya ta samu. In bai ba ki ba ki dakata, kwalin da babu mai karɓarsa a tasha zai ƙare.

Sai maganar kayan. Zamzam ki cire shi daga lissafin kargo gaba ɗaya, hukuma ta hana fitar da shi don kasuwanci kuma ba a yarda a cusa shi a cikin akwati ba, mai umara ko aikin hajji ne ake ba wa damar galan ɗaya mai lita 5 a kwalinsa a rufe a filin jirgi. Abin da za ki yi shi ne in wani naku ya zo umara ki roƙe shi in ya sauka gida ya ɗibar miki a ƙaramar gora, a ɗaure bakin da salatif a sa a leda biyu, wannan ya wadatar. Turare mai feshi ma haka, akwai alkohol a ciki kayan kama wuta ne gidan waya baya ɗaukarsa ta jirgi, ki nemi na mai irin rubu'in tola ɗin nan da ake sayarwa a Balad ko Bab Makka, ɗan tsito ne yana shiga aljihun riga kuma zai yi masa Juma'o'i da yawa. Ki haɗa da asuwaki ɗauri ɗaya da carbi, ba su da nauyi kuma da ya buɗe zai san daga inda suka fito.

Dabino kuwa a nan mutane da yawa suke asara. Sukkari mai laushin nan da muke so da gahawa sai da firji yake zama, in ya kwana biyar a bayan mota cikin zafin Borno da yake wuce digiri 40 a watan Afrilu tsami zai yi ya jiƙe miki sauran kayan. Ki sayi mai ɗan bushewa, safawi ko khudri ko mabrum ko sag'i, in aljihu ya yarda ki sa ajwa kaɗan, kuma ki nemi wanda aka zuƙe iskar ledarsa. Kilo biyu ko uku ya isa amma a rarraba rabin kilo rabin kilo, saboda soja baya cin abu shi kaɗai, wanda suke kwana a rami ɗaya dole ya miƙa masa, ogansa ma zai so ya kai masa leda guda, in babbar leda ɗaya ce ranar da aka farke ta ranar za ta ƙare ko ƙura ta cika ta.

Shinkafa da bargo da zuma ni dai ban goyi baya ba wallahi. Kargo da kilo suke caji, kuɗin da za ki biya a kan kilo goma na basmati in kika tura shi ta Tahweel Al Rajhi ko Enjaz ko urpay wa wancan mutumin na Maiduguri zai shiga Monday Market ya cika masa jaka da abin da ya fi buƙata, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga da madarar gari da ganyen shayi da yaji da dambun nama da kilishi, abin da za a jiƙa da ruwa a sha a tsaye ko a barbaɗa a kan abincin da ba shi da ɗanɗano. Sannan safa, ina roƙonki kar ki raina safa, mutumin da yake wuni yana kwana cikin but ƙafarsa ce take fara lalacewa musamman da damina in baƙar ƙasar nan mai danƙo ta Borno da ake ce wa firgi ta jiƙe, a saya masa masu kauri guda shida da hodar ƙafa da sabulu, da gidan sauro in damina ce, in kuma hunturu ne man shafawa da hular sanyi. Zuma in ta fashe a hanya ta gama da kwalin.

Magani kar ki sa, musamman masu kashe ciwo irin tramadol, a nan da can duk abin kamu ne. Kuma in matafiyi ne zai riƙe miki ya ce sai ya buɗe ya gani kar ki ji haushi, ke ma ki riga shi buɗewa, mutane ba su manta da ɗalibar nan mai karatu a Kano da aka kama a nan a ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba tare da saninta ba, sai Afrilun 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta fito. Ki rubuta duk abin da ke ciki a takarda ki ɗauki hotonta ki tura wa ƙanen naki da mai karɓa. A bayan kwalin kuma sunan mai karɓa farar hula kawai za ki sa da lambarsa, banda muƙami banda sunan runduna, don hanyar Damaturu zuwa Maiduguri an sha tare motoci a kanta a baya, kwali mai rubutun soja a motar haya hatsari ne ga direba da fasinja. Ki sa wasiƙa a ciki, zan yi maganarta a amsar ƙarshe.

Tambaya daga wani matashi a Riyad: Hajiya yayana yana Zamfara yace babbar matsalarsu cajin waya. Naga fawa bank mai 30,000 a Batha, naga kuma but mai kyau da riga mai dabbare-dabbare irin tasu da oba-oba da ƙaramin jirgin nan mai kyamara, nace ko in haɗa masa duka?

Amsa: Ɗana niyyarka mai kyau ce amma rabin kayan nan za su jefa wanda ya ɗauka cikin bala'i. Kakin soja da sulke da oba-oba da jirgi mara matuƙi ba a shiga da su Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in kwastam suka gani a jakar farar hula ƙwacewa za su yi kuma sai ya amsa tambayoyi, a lokacin da 'yan bindiga suke sa kaki suna tare hanya wa zai yarda da labarin wai na yayana ne. Ka bar wa rundunarsu wannan. But kuma ka tura kuɗi ya sa a sayo masa daidai ƙafarsa.

Fawa bank gidan waya baya ɗaukarsa shi kaɗai ta jirgi, ba a kuma sa shi a akwatin da ake aunawa, sai a jakar hannu, kuma iyakar da ake bari ba tare da izinin kamfanin jirgi ba ita ce 100Wh, Wh ɗin ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne. Mai 20,000 yana kamawa wajen 74Wh ya wuce lafiya, mai 30,000 ɗin da ka gani ya kai 111Wh ya haura. Ka sayi mai 20,000 na kamfanin kirki, ka ƙara da wayar caji biyu masu ƙwari, sannan ka tura kuɗi a saya masa ƙaramin faifan sola mai naɗewa a Kano ko Gusau, don fawa bank ɗin ma ai sai an caja shi.

Tambaya daga wani dattijo a Shara Mansur, Makka: 'Yata ni mutumin Mai Wurno ne ta wajen Sinnar, na daɗe a nan ina ɗinki. Ɗana yana cikin sojan Sudan, da muna magana jefi-jefi ina tura masa ɗan abu ta manhajar banki ta Bankak, yanzu watanni wayarsa a kashe, uwarsa tana can bata barci, wani yace an kama shi wani yace ya gan shi a wani gari. Ina da kaya da na ɗinka masa na ajiye ban san inda zan aika ba.

Amsa: Baba Allah ya yaye muku wannan damuwa, ya bayyana shi cikin aminci. Tun da yaƙin nan tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 gidaje nawa ne namu na Hausawan Sudan suke cikin irin halin da kake ciki, daga Mai Wurno har Gadarif da Kassala da Damazin. Abu na farko da zan ce, kashewar waya ita kaɗai ba hujja ba ce ta mugun labari, a Fabrairun 2024 Zain da Sudani da MTN duka sun ɗauke kusan a ƙasar baki ɗaya, akwai yankunan da mutane suka koma sai sun biya kuɗi a wurin masu Starlink kafin su tura saƙo ɗaya, garuruwa kuma sun yi ta sauya hannu, Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023 soja suka dawo da ita a Janairun 2025, Sinja ma haka aka karɓe ta a tsakiyar 2024 aka dawo da ita a Nuwamba, a irin wannan rikici waya ta faɗi ko a ƙwace ta ko a hana riƙe ta duk yana faruwa.

Kayan da ka ɗinka ka ba amintaccen matafiyi mai bin jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin ya kai wa uwarsa ta ajiye, gidan shi ne adireshin da ba ya canzawa, duk ranar da ya samu sarari can zai fara nema. Amma yanzu abin da ya kamata ya tafi shi ne cigiya. Uwarsa ko wani ɗan uwa da ke can ya fara zuwa hedikwatar rundunar da yake ƙarƙashinta da cikakken sunansa har na kaka da lambar aikinsa. Sannan a je ofishin ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar na Sudan mafi kusa a ce ana so a buɗe takardar neman ɗan uwa, su suna aiki tare da Red Cross ta duniya wato ICRC wadda take da ofis a Bur Sudan, kai ma daga nan kana iya sa wani yaro ya buɗe maka shafinsu na haɗa iyalai a intanet ya duba lambar da ake kira. Za su tambayi sunansa da shekarunsa da sunan uwarsa da wuri da ranar da aka ji shi na ƙarshe, ku ba su abin da kuka tabbatar, jita-jitar kuma ku ce jita-jita ce.

Suna da wata takarda da ake kira saƙon Red Cross, ba a rufe ta a ambulan, labarin iyali kawai ake rubutawa a ciki banda siyasa banda maganar yaƙi, saboda masu tsare da mutum suna da damar karantawa kafin su miƙa, akwai kuma gurbin da zai rubuto amsa. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 mai magana kan yaƙin cikin gida ya ce wanda aka tsare a bar shi ya aika wasiƙa ya kuma karɓa, ba kowane lokaci masu bindiga suke mutunta wannan ba kuma ba kowane wuri ake barin Red Cross ta shiga ba, ba zan ɓoye maka ba Baba, amma hanya ce da ta taɓa aiki, a ƙarshen Yunin 2023 Red Cross ce ta shiga tsakani aka sako sojoji 125 da RSF ke riƙe da su ta kwaso su daga Khartoum zuwa Madani. Kuma kyauta ne, ko riyal ɗaya ba a biya, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunan ɗanka a gaba ba nasu ba ne.

Abu biyu nake roƙonka. Kar a sa hotonsa da kaki a Facebook ana cigiya, in yana hannun wasu kuma ya ɓoye cewa shi soja ne to wannan hoton shi zai tona shi. In kuma wani ya kira yace yana hannunsu a turo kuɗi ta Bankak, kar ka tura ko sisi sai ka ji muryarsa kai tsaye, ko ka sa a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani, kamar sunan da kakarsa take kiransa da shi, don akwai masu bin gidajen da suka ji ana cigiya suna cin kuɗin iyaye alhali ba su taɓa ganin yaron ba.

Tambaya daga wata budurwa a Madina: Anti dan Allah ki rufa min asiri. Na haɗu da wani a Facebook yace shi sojan Amurka ne a Kharj ya musulunta yana so ya aure ni, yace ya aiko min da akwati akwai gwal da daloli, yanzu wani kamfani ya kira wai in biya riyal 1,500 na fito da kaya, shi kuma yace in saya masa katin iTunes zai biya kuɗin hutu yazo mu gana.

Amsa: 'Yata kar ki biya, babu akwati babu soja, damfara ce tsohuwa. Sojojin Amurka suna sansanin Yarima Sultan kusa da Kharj tun 2019, wannan gaskiya ne, shi ya sa mayaudaran suke raɓewa da sunan wurin. Amma sojan Amurka baya biyan kuɗi don a ba shi hutu, baya biyan kuɗin abinci ko magani a sansani, kuma suna da gidan wayarsu na soja mai adireshin APO da FPO wanda iyalinsu ke aika kaya da farashin cikin gida, har ma tun 2001 suka daina karɓar saƙon da babu sunan takamaiman soja a kai. Mai irin wannan tsari me zai kai shi neman katin iTunes a hannun yarinya a Madina? In kin biya 1,500 gobe za a ce kuɗin kwastam, jibi a ce an ga daloli sai kin biya tara ko a kama ki. Kar ki tura hoton iƙama ko naki, kar ki faɗa wa kowa lambar da ke shigo miki daga manhajojin gwamnati irin Absher ko Nafath ko daga banki, ki ɗauki hoton hirarku ki kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn sannan ki toshe shi. Ba ke kika yi abin kunya ba, ki samu wata babba da kika yarda da ita ki faɗa mata yau ɗin nan.

Tambaya daga wata uwa a Misfala, Makka: Ni ban iya rubutun boko ba, ɗana soja ne a Najeriya, in na yi masa boyis sai ya kwana uku bai buɗe ba. Kuma in faɗa masa ƙafata tana ciwo ko in yi shiru?

Amsa: Mama ba ƙin buɗewa yake ba, inda netwok ɗin sanda ɗaya ce boyis mai minti bakwai baya sauka, ki riƙa yi gajeru ƙasa da minti ɗaya, biyu ko uku a jere. Kar ki tambaye shi wane gari yake ko yaushe za su tashi, in ya turo hoto da kaki ki ja wa yara kunne kar su sa a sitatus, sojan Najeriya suna da dokar amfani da soshiyal midiya tun 2018 ana hukunta su a kai, ga kuma abokan gaba suna bibiya. Ciwon ƙafa ki faɗa masa amma ki haɗa da abin da aka yi a kai, na je asibiti an ba ni magani ƙanwarka tana kula da ni, don in ya ji a bakin wani zai daina yarda da lafiya lau ɗinki, abin da ba a so shi ne a jibga masa matsalar da babu abin da zai iya yi a kanta daga inda yake, irin rigimar gado ko faɗan kishiyoyi, wannan a jira ya zo fas.

Wasiƙar takarda kuwa ki yi ta, bata buƙatar caji bata buƙatar netwok. In kin iya ajami shi ma yana karantawa ki rubuta da hannunki, in ba haka ba ki zaunar da jikarki ki faɗa tana rubutawa yadda kike masa magana a gida, ki hana ta gyara miki Hausa, ki ba shi labarin wa ya haihu wa ya yi aure, wa ya sauke Alƙur'ani, ki ce kin yi masa addu'a a Harami in kin yi. A naɗe a sa a ƙaramar leda saboda gumi da ruwan sama. Kuma a sa kwanan wata a sama, don wasiƙa tana iya yin wata guda a hanya, in bai ga kwanan wata ba zai ɗauka ciwon ƙafar da kika ambata yanzu ake cikinsa alhali kin daɗe da samun sauƙi.